A Auna Yoyon Iska Kafin A Sauya Hob A Motocin A-kori-kura Masu Giyar Taimako

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in yi magana da masu motocin a-kori-kura masu giyar taimako, da kuma makanikan da suke gyara su, a kan wata matsala da take cin kuɗin mutane ba gaira ba dalili. Matsalar ita ce yoyon iska a tsarin da yake kulle ƙafafun gaba da sandunan da suke juya su, da yadda ake gaggawar sauya kayan ƙarfe masu tsada alhali laifin yana jikin ɗan tiyon roba, ko wani bawul da bai kai babban yatsa girma ba. Wannan cuta da ma'auni ake gano ta, kuma ba a fara awo sai an san ta wace fuska tsarin motar yake aiki, domin akwai iri biyu da suke kishiyoyin juna, kuma abin da yoyo yake haifarwa a ɗaya ya sha bamban da abin da yake haifarwa a ɗayan.

Idan mota tana tafiya da ƙafafun baya kaɗai, ƙaramin giyabos na taimako ba ya tura ƙarfi zuwa gaba. To amma idan tayoyin gaba suna manne da sandunansu, su ne za su riƙa jan sandunan da giyoyin aksul ɗin gaba suna juyawa a banza, mai yana ƙonewa, ƙarfe yana cinyewa. Saboda haka aka sanya hob a cibiyar kowace ƙafa ta gaba, wato wani zobe mai haƙora da yake zamewa ya haɗa taya da sanda, ko ya raba su. A tsofaffin motoci direba ne yake sauka ya murɗa shi da hannu. Da masu ƙera motoci suka so direba ya yi komai daga mazauninsa da makunni ɗaya, sai ya zama dole a sami abin da zai tura zoben, kuma da yawansu suka zaɓi zuƙar iska. Ana janye iskar da ke cikin wani rufaffen wuri har nauyinta ya gaza na iskar waje, sai iskar waje ta danna wani tantanin roba, shi kuma ya motsa zoben. Yoyo a irin wannan tsari shigar iska ce ta inda bai kamata ta shiga ba. Babu abin da yake fita, babu ɗigo a ƙasa, babu jiƙa a jikin tiyo, shi ya sa ido kaɗai ba ya wadatarwa.

Injin fetur da kansa yake samar da zuƙa. Lokacin da yake silo, ƙyauren totur a rufe yake, fistin kuma suna ja, sai a sami zuƙa ta inci 17 zuwa 22 a ma'aunin zaiba idan injin lafiyayye ne kuma yana kusa da matakin teku. Duk hawan da aka yi na kimanin mita 300 a tudu yana rage kusan inci ɗaya, don haka makaniken da yake aiki a wuri mai tudu kada ya yanke wa inji hukunci don ya ga adadin ya ɗan gaza. Da zarar direba ya taka totur sosai, ƙyauren ya buɗe, zuƙar takan faɗi kusan babu. A injin da yake da turbo ma abin ya wuce haka, domin a lokacin ja mai ƙarfi manifol, wato bututun da yake kai iska cikin inji, cike yake da iskar da ake turawa. Wannan ne ya sa ake sanya bawul mai hanya ɗaya da ƙaramin tankin ajiya, domin su riƙe zuƙar da aka tara har injin ya dawo yana bayarwa. Injin dizal kuwa ba ya samar da zuƙar da za a dogara da ita, sai an ba shi famfo na musamman. A wasu motocin Japan famfon yana bayan altaneta, a manyan motocin Ford Super Duty masu injin dizal na Power Stroke 7.3 da 6.0 kuwa ƙaramin famfon lantarki ne da yake kunna kansa idan zuƙa ta ragu, ya kashe kansa idan ta cika. Daga tankin ajiya hanya ta nufi solonoyid, wato bawul ɗin da lantarki yake buɗewa da rufewa, daga nan siraran bututan filastik su gangara, su rabu biyu, kowane ya ƙare da tiyon roba a ƙafarsa.

Iri na farko shi ne wanda Ford ta fara sanyawa a motarta F-150 a ƙirar 2004, wanda ake kira IWE. A nan zuƙa ce take riƙe hob a buɗe. Muddin mota tana 2H, wato ƙafafun baya kaɗai ne suke ja, solonoyid yana barin zuƙa ta isa ƙafafun gaba ba yankewa, tana janye zoben daga haƙoran cibiyar taya. Idan direba ya koma 4H, wato ya sa taimako, sai a yanke zuƙar, a bar iskar waje ta shiga, sifirin ya tura zoben ya kulle. Ke nan idan injin a kashe yake, hob a kulle yake. Hikimar wannan ƙira a fili take, domin idan tsarin ya mutu gaba ɗaya, direba bai rasa taimako ba. Aibinta kuwa shi ne yoyo ba kasafai yake kashe zuƙa gaba ɗaya ba, rage ta yake yi. Sai zoben ya tsaya a tsakiya, bai kulle ba, bai saki ba, haƙoransa suna gogar haƙoran cibiyar da take juyawa da gudun mota alhali sandar a tsaye take. Daga nan ne ƙarar nan take fitowa, ƙarar gugar ƙarfe da ƙarfe daga gaba, wadda takan zo idan ana hawan tudu ko an taka totur a hankali an riƙe, ta kuma ɗauke idan an saki totur, wani lokaci da ɗan bugu. Babbar shaidarta ita ce, idan aka murɗa makunni zuwa 4H tana cikin yi, nan take take ɗaukewa, saboda zoben ya shige wurinsa sosai. Boris ɗin taya da ya lalace ba ya yin haka, gurnaninsa yana bin gudun mota ne, yana sauyawa idan an karkata sitiyari, kuma babu ruwansa da makunnin taimako.

Iri na biyu shi ne na manyan motocin Ford Super Duty, wato F-250 da F-350, na ƙirar 1999 zuwa 2010, waɗanda suke da makunnin sauya taimako a dashbod, da kuma Ranger na 1998 zuwa 2000. A nan ba a riƙe zuƙa kullum. Solonoyid yana aika ta ne na wasu daƙiƙoƙi kawai: mai ƙarfi, sama da inci 10, domin a kulle, mai rauni, wajen inci 6 zuwa 7, domin a buɗe. Bayan haka wata 'yar maƙala da ke cikin hob ita take riƙe shi a inda aka bar shi. Yoyo a wannan tsari ba ya yin ƙara. Abin da yake yi shi ne ya hana hob kullewa, kuma direba ba zai sani ba sai ranar da ya shiga laka ko yashi ya ga ƙafafun baya kaɗai suna juyawa. Ko hob ɗaya ne ya ƙi kullewa an rasa gaba duka, domin giyoyin aksul suna tura juyi ne zuwa ɓangaren da ba shi da nauyi, sai sandar da ba ta kama taya ba ta yi ta juyawa ita kaɗai.

Akwai abu guda da yake yaudarar direbobi a nan, har da wasu makanikai. Fitilar 4x4 da take kamawa a dashbod na waɗannan motoci labarin ƙaramin giyabos take bayarwa, cewa ya shiga giyarsa. Ba ta san halin da hob yake ciki ba. Mota tana iya nuna fitila lafiya lau alhali ƙafafun gaba ba su ɗauki komai ba. Shaidar da ta fi fitila gaskiya a tsofaffin Super Duty tana wurin da mutum ba zai zata ba, wato a na'urar sanyaya mota. Ƙyauren da suke karkatar da iska zuwa fuska ko ƙafa ko gilashin gaba da zuƙa suke aiki, daga tushe ɗaya da hob, kuma an ƙera su ta yadda idan zuƙa ta ɓace za su koma hura gilashin gaba. Don haka idan direba ya sa taimako, sai iskar da take bugun fuskarsa ta koma gilashi na ɗan lokaci sannan ta dawo, to yoyon yana tsakanin solonoyid da ƙafafu, domin sai an buɗe wannan hanya zuƙar take zubewa. Idan kuwa kullum a gilashi take, ko an sa taimako ko ba a sa ba, kuma a motar dizal ana jin famfon lantarki yana ta aiki ba ya hutawa, to a nemi yoyon tun daga famfo da tanki da solonoyid ɗin kansa.

Wasu motocin ba su da hob a ƙafa, a tsakiyar aksul ɗin gaba suke raba sanda biyu, zuƙa ta tura wani zobe ya haɗa su. Haka Dodge Ram na 1994 zuwa 2001 yake, haka Mitsubishi L200 da wasu tsofaffin Toyota Hilux. A L200 alamar da aka fi sani ita ce fitilar ƙafafun gaba ta yi ta ƙyaftawa ba ta tsaya ba. Hanyar bincike ɗaya ce da wadda zan bayyana, sai dai a nemi takardar ƙirar motar a ga wane tiyo ne yake ɗaukar zuƙa a wane hali.

Kuskuren da ya fi yawa yana da dalili. An kawo mota tana ƙara a ƙafar gaba, an kwance, an ga haƙoran hob sun cinye, garin ƙarfe ya cika giris. Kowa ya gani da idonsa, mai mota ya gamsu, an sayi sabo an ɗaura, ƙara ta ɗauke. Bayan 'yan makonni ta dawo, sai a ce kayan jabu ne. Wani lokaci jabun ne, amma sau da yawa an bar jaki ne ana dukan taiki, domin haƙoran ba su cinye da kansu ba, ƙarancin zuƙa ne ya cinye su, kuma abin da ya rage zuƙar yana nan a ƙarƙashin bonet ba a taɓa shi ba.

Kayan aikin da ake bukata ba su da yawa. Babba a cikinsu shi ne famfon zuƙa na hannu mai ma'auni a jikinsa, sai dogon tiyo siriri, da mahaɗi mai baki uku, da 'yan marufan roba na toshe baki. Mota kuma a ɗora ta a kan ƙafafun ƙarfe na ɗaga mota, a tare tayoyin baya, kada a dogara da jak kaɗai, musamman da yake wasu gwaje-gwajen ana yin su ne inji yana aiki.

Gwajin farko da hannu da ido ake yin sa. A F-150, a ɗaga gaba, inji a kashe, a juya taya, ya kamata sandar da ke bayanta ta juya tare da ita. A tayar da inji, mota tana 2H, a sake juyawa, ya kamata taya ta juya ita kaɗai sandar tana tsaye, ba tare da wani ƙaras-ƙaras ba. Sai dai a lura, wasu sababbin ƙirar suna barin hob a kulle da gangan har sai an yi ɗan gajeren tafiya bayan tayar da inji, don haka a irinsu kada a yanke hukunci da wannan gwaji kaɗai. A Super Duty, a tabbata murɗin da ke fuskar hob yana kan AUTO, a sa 4H, a ɗan jira, a juya taya, a duba mahaɗin sandar da ke bayan cibiya a ga ko ta kama. Wannan gwaji yana nuna ko akwai matsala da kuma ɓangaren da take, amma ba ya nuna dalilinta.

A ganina, wurin da ya fi dacewa a fara awo shi ne solonoyid, domin shi ne ya raba tsarin gida biyu, kuma ana isa gare shi ba tare da an kwance taya ba. A cire tiyon da yake fita daga gare shi zuwa ƙafafu, a haɗa famfon hannu, a ja har inci 20, a tsaya a kalli allurar na minti ɗaya. Ƙa'idar da ake bi ita ce kada ta sauka fiye da inci ɗaya a minti. Wannan awo guda ya gwada bututai da tiyoyi da hob ɗin biyu a lokaci ɗaya. Idan allura ta tsaya cak, duk abin da ke ƙasa da solonoyid lafiya yake, an huta da kwance ƙafa, sai a juya zuwa abin da ke sama da shi. Idan ta sauka, ko ma ta ƙi hawa, sai a bi bututun zuwa inda ya rabu biyu, a gwada dama daban, hagu daban. Ɓangaren da ya gaza, a cire tiyonsa daga bakin hob, a toshe ƙarshen, a sake ja. Idan yanzu ya riƙe, laifin hob ne ko sil ɗinsa, wato zoben robar da yake hana iska shiga, idan bai riƙe ba, laifin bututu ne. Da irin wannan rabawa, kowane awo yana fitar da rabin abin da ake zargi, kuma kafin a yi huɗu ko biyar an isa ga wurin.

Idan aka zo gwada hob da kansa, kada a tsaya a kan awo na tsaye. Sil ɗin da yake riƙe zuƙa a can yana aiki ne a kan ƙarfe mai juyawa, kuma yana iya riƙewa sarai idan taya tana tsaye, ya saki da zarar ta motsa. A ja zuƙa, a sa wani ya juya taya a hankali, a kuma karkata sitiyari har ƙarshe dama da hagu, ana kallon allura. Haka ma tiyon roba na ƙarshe, wanda yake lanƙwasawa duk lokacin da aka karya kwana ko ƙafa ta yi sama da ƙasa. Tsagarsa takan rufe bakinta idan yana miƙe, sai an lanƙwasa shi da hannu sannan allura ta faɗi. A duba kuma inda bututun filastik ya ratsa kusa da salansa ko ya jingina da gefen ƙarfe, domin zafi yana busar da shi har ya karye, gogayya kuma tana huda shi ta ƙasa inda ba a gani. A F-150 tiyo biyu ne suke shiga kowane hob, babba na zuƙa, ƙarami na numfashi. Idan ƙaramin ya toshe da laka, zoben ba zai motsa yadda ya kamata ba ko da babu yoyo ko kaɗan.

Idan ɓangaren ƙafafu ya fita daga zargi, sai a koma ga abin da yake shigowa solonoyid. A haɗa ma'auni a tiyon shiga, a tayar da inji, a ga adadin da ya kai, sannan a kashe injin a ci gaba da kallo. Tsari mai lafiya yana riƙe zuƙarsa bayan an kashe inji. Idan allura ta zube nan da nan, ko tankin ajiya ya tsage, ko bawul mai hanya ɗaya ya daina rufewa. Wannan bawul shi ne mafi ƙanƙanta a tsarin duka, kuma a motocin F-150 yana cikin waɗanda suka fi jawo ƙarar nan. Gwada shi ba wuya: a cire shi, a ja da famfo ta bakin da yake fuskantar inji, iska ta wuce, a juya a ja ta ɗaya bakin, ya riƙe. Amma ina ba da shawara a maimaita sau da yawa ana ɗan bubbuga shi, domin bawul da datti ko tururin mai ya shiga yakan rufe sau tara ya ƙi a na goma, kuma wannan na goman ya isa ya jawo gugar haƙora a kan hanya.

Shi kansa solonoyid ana auna abin da yake fitarwa ne a kowane hali. A F-150, bakin fita ya nuna kusan daidai da bakin shiga a 2H, ya faɗi zuwa sifiri da sauri idan an koma 4H. A Super Duty kuwa makanike ya tuna cewa zuƙar ta ɗan lokaci ce. Wanda ya sa taimako, ya zagaya, ya nemi ma'auninsa, ya haɗa, zai iya samun sifiri ya ce solonoyid ya mutu, alhali lokacin aikawa ne ya wuce. A haɗa ma'auni tukuna, sannan a murɗa makunni, a ga babbar zuƙa wajen kullewa da ƙarama wajen buɗewa. Idan babu ko ɗaya, kafin a sayi sabo a duba fis da waya da soket, a tabbata umarni yana isowa.

Akwai motar da za ta ci duk waɗannan gwaje-gwaje a gareji, ta fita titi ta yi ƙara. A irin wannan hali sai a kai ma'auni kan hanya. A sanya mahaɗi mai baki uku a bututun da yake fita daga solonoyid zuwa ƙafafu, a ja dogon tiyo zuwa cikin mota ba tare da an matse shi ba, mutum ɗaya yana tuƙi, ɗaya yana riƙe da ma'auni. A hau tudu mai tsawo da totur a take. Idan tsarin F-150 lafiya yake, allura za ta tsaya kusan inda take duk da cewa injin ya daina ba da zuƙa. Idan ta riƙa zamewa ƙasa muddin ƙafa tana kan totur, ta kuma yi tsalle sama da an saki, to an ga cutar da ido, kuma sau da yawa ƙarar za ta fara daidai lokacin da allurar ta kai ƙasa.

Ruwa yana da nasa babi. A F-150 na shekarun farko na wannan tsari, an ɗaura solonoyid a bangon da ke tsakanin inji da mazaunin direba, a inda ruwan da yake gangarowa daga gilashin gaba yake zuba a kansa, sai ya zuƙe shi ya tura cikin bututai, har daga baya aka fitar da wanda yake da rumfa a kansa. Ruwan da ya shiga yana sa tsatsa a hob, yana toshe siririn bututu, a ƙasashe masu sanyi kuma yana daskarewa. Duk makaniken da ya cire tiyo ya ga ɗigon ruwa, ya san sauya abu ɗaya ba zai isa ba. Sai an cire bututan ta bakunansu biyu an hura su sun bushe, an zubar da abin da ke cikin tanki. Kada a kuskura a hura iskar kwamfuresa cikin bututu yana haɗe da hob, domin tantanin robar ba a yi shi don ya ɗauki irin wannan ƙarfi ba.

Dabarar ruwan sabulu da ake neman hujin taya da ita ba ta aiki a nan, tunda ramin zuƙa yake yi, ba ya hurawa, babu kumfar da za ta tashi. Fesa mai ko maganin wanke kafireta a jikin tiyo ana sauraron sauyin muryar inji ma ban yarda da shi ba a wannan aiki. Ban da haɗarin gobara, ramin da yake can wajen taya ya yi nisa da inji, bututun kuma siriri ne, a motar dizal kuwa zuƙar ba ta ma bi ta cikin inji ba. Abin da yake taimakawa shi ne na'urar hayaƙi, wadda take tura hayaƙi a hankali cikin bututu a ga inda yake fita. Ita ma amfaninta ya fi yawa bayan ma'auni ya nuna ɓangaren da za a nema.

A Super Duty, idan awo ya nuna yoyon yana cikin ƙafa, wurare uku ake zargi: babban sil da yake kan sanda a cikin ƙarfen gwiwar da taya take juyawa a kai, da zoben robar da ke bayan gidan boris, da wanda yake jikin hob ɗin. Akwai kuma ɗan bakin ƙarfe da tiyo yake shiga, wanda tsatsa take ci ko ta toshe. Babban sil ɗin yana bukatar a buga shi zuwa zurfin da aka ƙayyade da abin bugawa na musamman, wanda aka buga da guduma da guntun bututu yakan karkace ya yi yoyo tun ranar farko. Kafin a sa sabo kuma a tambayi abin da ya kashe tsohon. A cikin gidan boris akwai ƙaramin boris mai siraran sanduna da yake tallafe ƙarshen sandar. Idan ya bushe ya cinye, sandar za ta riƙa rawa, kuma babu sil ɗin da zai daɗe a kan sanda mai rawa. A F-150 kuma, wajen ɗaura sabon hob, a ja masa zuƙa da famfon hannu ya tsuke kafin a tura sanda, a juya taya haƙora su shiga juna, sannan a ɗaure. Wanda ya ɗaure da ƙarfi haƙora suna kan juna ya fasa sabon kaya kafin mota ta bar gareji. Notin da ke ƙarshen sandar ma ƙarami ne, ba ya son ƙarfi, a ɗaure shi da sifana mai awo gwargwadon abin da takardar motar ta ce.

Wanda ƙarar ta same shi a hanya, ko bai shirya gyara ba tukuna, yana da mafita ta ɗan lokaci. Mai F-150 ya cire soket ɗin lantarki na solonoyid, ko ya cire tiyon zuƙa ya toshe bakin da yake zuwa daga inji. Hob zai kulle sosai, gugar ta tsaya, kuma tunda ƙaramin giyabos yana 2H, ana iya tafiya a kan kwalta ba tare da fargaba ba, sai ɗan ƙarin shan mai. Wannan ya fi barin mota a 4H a kan busasshiyar kwalta, abin da yake ɗaure gaba da baya ya wahalar da giyoyi da tayoyi a kowace kwana. Mai Super Duty kuwa ya sauka ya murɗa hob ɗin biyu zuwa LOCK, taimakonsa zai yi aiki ko babu zuƙa ko kaɗan. Wasu ma sukan cire na asali su sanya hob na hannu zalla, kuma ban ga laifinsu ba, musamman masu aiki a wuraren da ruwa da laka suke cin sil. Sai dai duk wanda ya yi haka ya toshe bututun da yake fita daga solonoyid, in ba haka ba duk lokacin da ya sa taimako zuƙar za ta zube ta tsohon ramin, famfo ya yi ta aiki, iskar sanyi kuma ta koma gilashi. Ya kuma sani cewa babban sil ɗin nan, ban da riƙe zuƙa, shi ne yake hana ruwa da ƙura isa ga boris, don haka idan ya yage sai an sauya shi ko da an daina amfani da zuƙar.

Na gode da filin da ka ba ni. Wassalam.

Naka,
Wani mai karatu